Dalar Kaka: Yadda Azurfa Ta Shigo Borno, Da Yadda Za A Kula Da Wadda Ta Rage A Hannunmu



Da wuya a sami tsohon gidan Bahaushe a nan Dusuman, ko a Zabarmari, ko a unguwar Hausari da ke cikin gari, wanda ba a ajiye wata 'yar azurfa a ƙasan adaka ko cikin kumbo ba. Munduwa ce, ko awarwaro, ko zoben sule, ko wata faffaɗar dala da aka yi wa kunne ana ratayawa a wuya. Yawancinsu sun yi baƙi ƙirin, 'yan matan yanzu ba sa ko kallonsu, kuma ranar da gari ya yi zafi su ake fara ɗauka a kai kasuwa a sayar a kan sikeli. Abin da nake so mai karatu ya sani shi ne, wannan ƙarfe da muke rainawa shi ne kuɗin Borno na tsawon shekaru masu yawa, shi ne guzurin alhazan ƙasa, shi ne kuma bankin kakanninmu mata tun ba a san wani abu wai shi banki ba. Kafin mu zo kan wanki da ajiya, bari mu fara da inda ta fito.

Ƙasar Hausa da Borno ba su da mahaƙar azurfa ta a zo a gani. Mafi yawan azurfar da maƙeranmu suka yi aiki da ita kuɗi ce, sulalla ne da aka buga a wasu ƙasashe, suka ƙetaro Sahara a kan raƙuma. Hanyar kuwa sananniya ce: daga Tarabulus zuwa Murzuk, a bi ta Kawar da Bilma, a sauko Ngigmi, sannan a shigo Kukawa, birnin da Shehu Laminu ya kafa a 1814. Akwai dalar Sifaniya, wadda aka yi da azurfar da Turawa suka kwasa daga duwatsun Potosi da Meziko tun daga shekarun 1540. Larabawa na kiranta Abu Madfa, saboda ginshiƙai biyu da ke jikinta sun yi musu kama da igwa. Amma wadda ta zauna daram a Borno ita ce dalar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tareza, wadda Barebari ke kira gursu, Larabawa su ce riyal ko Abu Tera, mu kuma mu ce liyari ko dala.

An fara buga dala da hoton wannan sarauniya a 1741. Ta mutu a 1780, amma da yake mutanen Gabas da na Afirka sun riga sun saba da ita, ba sa karɓar wata, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekara ta 1780 ba tare da an canja ko ɗigo ba. Ostiriya ta daina amfani da ita a matsayin kuɗin gida a 1858, amma ba ta daina bugawa don sayarwa waje ba. A shekarun 1930 da 1940 har a Rum da Landan da Faris da Bombay an buga ta, kuma abin da aka buga gaba ɗaya ya haura miliyan 300. Don haka duk wanda ya ga 1780 a jikin dalar kakarsa kada ya ɗauka lallai ta shekara ɗari biyu da arba'in, kada kuma wani ɗan damfara ya ruɗe shi cewa za ta yi kuɗin gida da mota. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfar da ke ciki kashi 833 ce cikin 1,000, wato wajen giram 23 na tsantsa, sauran jan ƙarfe ne. Darajarta ke nan a sikeli.

Me ya sa aka yarda da ita haka? Saboda ba ta canjawa. Nauyinta ɗaya, kyanta ɗaya, kuma an yi mata rubutu a kewayen bakinta, kalmomi na Latin masu ma'anar adalci da rangwame, ta yadda in wani ya kankare gefen don ya saci azurfa nan take za a gane. Fatake kan duba 'yan duwatsun da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniyar, in sun shafe sai su ce dala ta tsufa, su rage mata daraja ko su ƙi karɓa. Mutanen da ba su iya karanta boko ba, amma sun san wannan kuɗi ciki da bai fiye da Baturen da ya buga shi.

Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kukawa a 1851, zamanin Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir. Ya tarar ba a daɗe da shigo da wuri kasuwar Borno ba. Kafin nan da siririn saƙin auduga da ake kira gabaga ake ciniki, a da can kuma da awon jan ƙarfe. Ya ba da labarin wahalar da mai dala kan sha a kasuwar Litinin ta Kukawa: sai ya canja dalarsa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya ba manomi rigar a ba shi hatsi, domin mutumin ƙauye ba ruwansa da dala ko wuri. A Kano a wannan shekara dala ɗaya wuri 2,500 ce. Keso guda na wuri 20,000, kayan da sai ƙato ko jaki, dala takwas ke nan da mutum zai ƙulle a bakin zani. Zuwa lokacin da Gustav Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar kyautar Sarkin Furushiya a 1870, dala ta kai wajen wuri 4,000 a Kukawa, ta kuma zama ita ce ma'aunin duk wani babban ciniki.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Wannan azurfa ba sadaka aka kawo mana ita ba. Abin da ayari ke komawa da shi arewa hauren giwa ne da gashin jimina da fatu, da kuma bayi, maza da mata da yara da aka kamo daga ƙasashen kudu da tafkin Chadi. Rijiyoyin hanyar Murzuk sun ga ƙasusuwan da yawa daga cikinsu. Wani kaso na azurfar da ta zama mundaye a hannun matan Kukawa da na Kano kuɗin mutane ne.

Rabe ya ci Borno a 1893, ya rushe Kukawa, ya yi zamansa a Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Ladan da Faransawan suka ɗora wa Shehu Sanda Kura, sannan Shehu Garbai bayansa, da dalar azurfa suka ƙirga shi, dubu bisa dubu, aka riƙa tatsa daga talakawan da yaƙi ya riga ya tsiyata. Yana cikin abin da ya sa Shehu Garbai ya amsa kiran Ingilishi a 1902 ya bar Dikwa, daga baya ya zauna a Yerwa a 1907. Kasuwar Litinin ma ta biyo shi, ita ce wadda muke zuwa har yau, wadda gobara ta cinye a watan Fabrairu 2023 aka sake gina ta.

To, ina Hausawa suka shigo cikin labarin? Tun kafin Turawa fataken Kano da Katsina ke kawo baƙin rini da goro da kayan fata Borno, su koma da kanwa da gishirin Manga da dawaki. Barebari na kiranmu Afuno, kuma da aka kafa sabon gari unguwarmu ta samu sunanta, Hausari. Amma babban abin da ya zubo Hausawa wannan yanki shi ne hanyar Makka. Wannan titi da ya ratsa ta gabanmu ya nufi Mafa da Dikwa da Gamboru, shi ne bakin hanyar Gabas: a haye zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, a bi Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a wuce Ubayyid har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana yada zango ana noma. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa sun bi ta, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Wasu sun isa, wasu sun dawo, wasu kuma guzuri ya ƙare musu a nan Borno, suka ga fadamar Jere da ruwan Ngadda, suka ce Alhamdu lillahi. Mai irin wannan tafiya ba zai ɗauki wuri ba, takardar kuɗin Ingilishi kuwa ba ta da amfani da zarar an ƙetare iyaka. Dala ita ce ake karɓa daga Wadai har Hijaz da Yaman. Abin da ya fi sauƙi shi ne a mayar da dukiya mundaye, uwargida ta zuba a hannu da ƙafa, duk inda aka matsu a cire ɗaya a auna.

Har yau harshe bai manta ba. 'Yan'uwanmu na Nijar in sun ce dala, faran biyar suke nufi, kuma da ita suke ƙirga. Larabawan Chadi su ce riyal. Wannan ya samo asali ne daga babban sulen azurfa na faran biyar na Faransa mai giram 25, wanda ya yi kusa da dala a girma. A Nijeriya kuma sunan dala ya koma kan sule biyu, domin tun daga shekarun 1870, da Jamus ta koma kuɗin zinariya, Amurka kuma ta buɗe manyan mahaƙai a Nebada, farashin azurfa ya yi ta faɗuwa har dalar da ta fi sule huɗu ta dawo wajen biyu.

Ingilishi sun hana shigo da wuri da kuɗin wasu ƙasashe tun farkon mulkinsu, suka ce haraji sai da kuɗin sarki. A 1912 suka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma, a 1913 aka fito da taro da sisi da sule da fataka, sule da fatakan na ɗauke da hoton bishiyar kwakwa. Waɗannan kuɗi, daga 1913 zuwa 1919, da azurfar sitalin aka yi su, wato kashi 925 cikin 1,000, sauran 75 jan ƙarfe. Wannan awo tsohon abu ne a Ingila, tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya yi doka cewa kada maƙeri ya sayar da kayan azurfa da ba su kai shi ba, kuma sai an buga musu hatimi. Dalilin gauraya kuwa, azurfa tsantsa ta cika laushi, zobenta lanƙwashewa yake, jan ƙarfe ne ke ba ta ƙwari. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma tagulla gaba ɗaya. Kuɗin Ingila kansa rabi ne daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Wannan lissafi yana da amfani ga mai zoben sule: a duba shekarar da ke jikin sulen. In 1919 ce ko ƙasa, azurfa ce mai kyau. Alhazai kuma sun riƙa dawowa da riyal na azurfa na Saudiyya, irin wanda aka fara bugawa a 1935, shi ma an yi zobba da 'yan kunne da shi ba adadi.

Duk waɗannan a hannun maƙeran fari suke ƙarewa. Bahaushe ya raba ƙira biyu: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da lauje, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla da jan ƙarfe. Mace kan tara sulallanta na sana'ar ƙuli-ƙuli ko kaɗi ko adashi, ta aika wa maƙeri, ya narka a ɗan kasko bisa gawayi yana zuga, ya zuba a kwami, ya buge, ya ja waya, ya murɗa, ya yi zane, ya liƙe da sinadari. Kalmar sinadari da 'yan kimiyya suka ara yanzu, asalinta ke nan, abin liƙin maƙera. Amanar sana'ar ita ce nauyin da aka kawo shi za a mayar, lada daban. Inda ake samun matsala shi ne maƙerin da zai zare kaɗan ya cike gurbin da jan ƙarfe. Shi ya sa za a ga mundaye biyu daga gida ɗaya, ɗaya ta shekara sittin tana fari, ɗaya kuma tana ja-ja tana fitar da kore.

Addini ma ya ba azurfa matsayi da ya sa ta zama abin lissafi a gidajenmu. Nisabin zakkarta dirhami 200 ne, wajen giram 595, wato dala ashirin da 'yan kai. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku na azurfa. An halatta wa namiji zoben azurfa, an hana shi na zinariya, an kuma hana kowa ci da sha a ƙwaryar azurfa. Kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka a Malikiyya, amma wanda aka tara don ajiyar dukiya hukuncinsa daban, sai a tuntuɓi malamai. Abu mafi muhimmanci a tarihin mata shi ne, abin hannun mace nata ne. Miji ba shi da iko da shi, in aure ya mutu da shi take fita, in fari ya zo kamar na 1973 da 1984 shi ke sayen hatsi.

Faɗuwar darajarta a idon mutane ta zo da kuɗin man fetur. Naira ta shigo a 1973, kuɗin Udoji suka biyo baya, jirgi ya maye gurbin hanyar ƙasa, hajiyoyi suka fara dawowa da sarƙar gwal daga Jidda, daga baya Dubai. Azurfa ta zama kayan tsofaffi da na ƙauye, ta matan Shuwa da Fulanin daji. Wadda ba ta da halin gwal sai ta sayi na roba da ruwan gwal, wata uku ya koɗe a zubar. Ni dai a ganina an yi canjin asara, domin munduwar azurfa ko ta karye kuɗi ce, sarƙar yayi kuwa ranar da aka saye ta darajarta ta ƙare. Har sunan ma an sace: kwanon silba da ake jera wa amarya babu ko ƙwayar azurfa a jikinsa, haka abin da ake kira azurfar Jamus, jan ƙarfe ne da tutiya da nikel kawai.

Sai kuma shekarun da muka gani da idonmu. Daga 2009, musamman 2014 da mutanen Gamboru da Dikwa da Marte da Mafa suka kwararo ta wannan hanya zuwa Muna, mata da yawa ba su fito da komai ba sai abin da ke jikinsu. Abin da kakanni suka tanada don hanyar Makka shi ya zama kuɗin mota da na awo. Ba wanda zai zargi wadda ta sayar don ta ciyar da 'ya'yanta, don haka aka yi shi. Abin takaicin shi ne farashin da aka saya, domin mai saye ya san bambancin 925 da 500, mai sayarwa ba ta sani ba, ga shi kayan sun yi baƙi, ya ce mata ai ƙarfe ne. Ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Gamboru da Kasuwar Litinin da sassa da yawa na Jere, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Adakoki sun kwana cikin laka, abin da aka tono daga baya ya fito ba kyan gani.

To mene ne wannan baƙi? Ba tsatsa ba ce, kuma ba alamar jabu ba ce. Azurfa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Abokin gabarta shi ne farar wuta. Akwai ɗan burbushinta a iska, irin warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga kwata da masai da ruwan da ya kwanta, akwai ta a hayaƙin janareta, a ƙwai da albasa, a roba da ulu, da sabulu da man ƙuraje masu farar wuta. In ta haɗu da azurfa sai su yi wata siririyar fata, ta fara da rawaya, ta koma ruwan ƙasa, ta ƙare a baƙi. Laima na hanzarta abin, shi ya sa kaya suka fi baƙi da damina fiye da lokacin hunturu. Gumi da gishirinsa na taimakawa. Mu kuma a Borno ga humra ga turaren wuta, maiƙonsu na kwanciya a cikin zane ya riƙe ƙura. Koren da ake gani kuwa ba na azurfa ba ne, jan ƙarfen da ke ciki ne ke ciwo, kuma yawansa na nuna yawan gaurayen.

Yadda iyayenmu ke wankewa shi ne da toka, ko tsamiya, ko lemon tsami, wasu har da yashi mai laushi. Tsamiya da lemo suna cire maiƙo da kore, wannan gaskiya ne, amma ba sa narkar da baƙin farar wuta sosai, gugar ce ke cire shi. Matsalar guga kuwa, duk lokacin da aka dirje da toka ko yashi ko man goge baki, ana kankare azurfar ne tare da baƙin. Shekara hamsin ana haka sai a ga zanen munduwa ya shafe, fuskar sarauniya ta zama kamar faifai. Wankin maƙeri daban ne: yana gasa kayan a wuta, ya tsoma a ruwan tsami da alif mai zafi, ruwan ya cinye jan ƙarfen da ke sama ya bar fatar azurfa tsantsa, fara fat, sannan ya goge ta yi ƙyalli. Yana da kyau, amma ba abin yi kullum ba ne, kuma wuta na iya sakin tsohon liƙi.

Hanyar da ta fi sauƙi ga kaya, abin mamaki, kayan aikinta na cikin kowane madafi a Borno. A jiƙa kanwa, ungurnu ko wadda ta samu, a tace ruwan sosai don kada yashi ya biyo. Wanda ke da sodar girki ta kanti, cokali ɗaya a kofin ruwa biyu ta wadatar. A samo tsohuwar tukunya ko kwanon alminiyam, wato gorar ruwa, wanda ba a girki da shi, domin kanwa na dusashe shi. A zuba ruwan da zafinsa, a ɗan sa gishiri, a saka azurfar ta yadda kowane yanki yana taɓa jikin kwanon. Wannan taɓawa ita ce sirrin. Farar wuta ta fi son alminiyam a kan azurfa, sai ta saki wannan ta koma wancan, azurfar da ta yi baƙi ta koma yadda take ba tare da an kankare komai ba. Za a ji ɗan warin ƙwai na tashi, alamar aiki na ci ke nan, sai a yi a tsakar gida. Minti biyu zuwa biyar sun isa, mai baƙi sosai a sake masa sabon ruwa. A ɗauraye da ruwa mai kyau, a tsane da tsohon ƙyallen auduga mai laushi, a ɗan murza.

Amma ba kowane abu ake yi wa haka ba. Duk abin da ke da murjani ko tsakiya ko wani dutse, ko laya mai fata, ko abin da aka manna da gam, kada a tsoma shi, ruwan sabulu mai ɗumi da tsohon burushin haƙori mai laushi sun ishe shi. Mundaye masu rami a ciki ruwa na shiga ya ƙi fita, sai a shanya su sosai a inuwa. Akwai kuma tsofaffin kayan da baƙin da ke cikin ramukan zanen shi ne kyansu, shi ke fito da aikin maƙerin, wankin kanwa zai share shi ya bar abu fari fayau kamar na jiya. Irin waɗannan a goge saman kawai. Dala ko sulen da ba a huda ba, ba a yi masa kunne ba, gara a bar shi yadda yake, masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son wanda ba a taɓa ba.

Wanda ruwa ya ci, a fara jiƙa shi a ruwa mai tsabta lakar ta saki da kanta, kada a kankare da wuƙa ko allura. A wanke da sabulu, inda ya yi kore a ɗiga lemon tsami na 'yan mintoci a ɗauraye, sannan a yi na kanwa. Kada a kuskura a sa Hypo ko wani ruwan bilic da sunan kashe ƙwayoyin cuta, yana ƙona fuskar azurfa ya bar tabon da sai maƙeri. Ruwan batir kuwa ko kusa.

Ajiya ta fi wanki sauƙi. Kowane yanki a naɗe shi daban a farin ƙyallen auduga, a sa a gwangwani ko kwalba mai murfi da ke rufuwa gam, a jefa guntun alli ko gawayi, ko 'yar jakar ƙwayoyin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, don su shanye laima. Kada a ɗaure da robar ɗaure kuɗi, tana barin baƙin layi, kada a naɗe a jarida, kada a ajiye kusa da madafi ko janareta. Mai sawa ta gama shafa da turare tukuna, azurfa ce ta ƙarshe, ta kuma cire kafin wanki. Wadda ake sawa kullum ma ta fi zama fari, domin gogayya da tufafi na share baƙin tun bai kama ba.

Saura maganar sayarwa da rabon gado, inda aka fi cutar mata da marayu. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, in ya kama to ba ita ba ce, amma rashin kamawa ba hujja ba ne, domin tagulla ma ba ya kama ta. Lambar 925 da ke jikin sarƙoƙin kasuwa kowa na iya buga ta. Dala ta gaske in aka ɗora a ɗan yatsa aka ƙwanƙwasa tana da doguwar ƙara mai zaƙi, ta dalma kuwa ƙararta a mace take. Gwajin da ya fi shi ne na maƙeri, ya ɗan goga magagari a wurin da ba a gani, a duba ko cikin fari ne ko ja. A wanke kaya kafin a kai kasuwa, a auna su a sikelin giram a gaban shaidu, a rubuta, a tambayi farashin giram na ranar a wurin mutum biyu ko uku. Farashin azurfa na hawa da sauka ƙwarai: a Janairun 1980 oza ɗaya, wato giram 31, ta kai kusan dalar Amurka 50, ta faɗo ƙasa da 5 a shekarun 1990, ta sake kusantar 50 a 2011, ta kuma haura haka a 2025. Farashin da aka sayi ta maƙwabciya shekara biyar baya ba shi ne na yau ba. In kuma magada sun yi yawa munduwa ɗaya ce, ba dole sai an narka ba, ana iya yi mata ƙima ɗaya daga cikin 'ya'ya mata ta biya sauran rabonsu ta riƙe.